Allurar Laraba

Shekara takwas da aure, har yau ba ni da sunan da zan kira mijina da shi sai Maigida. Matan layinmu a Nasarawa Gwom kowa na kiran nata Baban wane, Baban wance, ni kuwa ko ɓari ban taɓa yi ba. Na sha jiƙo da sassaƙe har harshena ya daina sanin ɗaci. An ɗebi jinina, an yi mini hoton mahaifa. Dakta Yael, likitar matan da nake gani, ta ce lafiyata lau, sai dai shekaruna talatin da takwas, ƙwan mace kuwa ba ya jiran kowa. Tun da muka shekara ba ciki, in ji ta, ya kamata mu zo mu biyu.

Mu biyun ne aiki. Mijina Badruddeen mahauci ne a Abatuwa, mutumin kirki mai taurin kai. Da na ce gwaji, sai ya ce babansa 'ya'ya sha huɗu ya bari. Kamar haihuwa wuƙar fawa ce da ake gado.

Ranar da na sake ganin jinin al'ada, na yi kuka har na gaji. Na ja mayafi na tafi Abatuwa, na tsaya gaban teburinsa, abokan sana'arsa suna kallo. Kunya ta riga ta ƙare mini.

"Rahma, lafiya?"

"Ba lafiya ba, Maigida. Ko ka bi ni asibiti, ko in zauna nan har ƙudaje su san sunana."

Ya dube ni, ya dubi mutane, ya ajiye wuƙar.

Da sakamakon gwajin maniyyinsa ya fito, Dakta Yael ta zaunar da mu. Ta ce ƙwayoyin haihuwa kusan babu. Ta shiga tambaya. Ya taɓa yin hangum da girmansa? A'a. Sigari? A'a. Yana daɗewa a bakin wutar babbaka? Wani lokaci, in sanyin Jos ya matsa. Yana shan wani magani?

Nan fuskarsa ta ɗan saki.

"Ai ni ma ban zauna ba, Dakta. Akwai Oga Okey, mai kemis a Kwararafa. Duk Laraba yana yi mini allurar ƙarfin maza. Shekara huɗu ke nan, ban taɓa fashi ba." Ya juyo gare ni. "Ban faɗa miki ba ne don kada ki raina ni. Saboda ke nake yi."

Ya zaro kwalbar daga aljihu ya miƙa. Likitar ta karanta.

"Malam, wannan allura tana sa ƙarfi da nama," ta ce a hankali. "Amma in jiki ya same ta daga waje, sai ya daina yin ƙwayoyin haihuwa. Mai yiwuwa ita ce ta tsayar da su."

Na so in shaƙe shi, na so in rungume shi. Duk Larabar da yake dawowa yana ɗingishi, ya ce mini sa ne ya taka shi, ina gasa masa ƙafa da ruwan zafi. Ashe shekaruna ake sokewa ɗaya bayan ɗaya.

"In na daina, zai dawo?" ya tambaye ta.

"Galibi yana dawowa. Wani wata shida, wani shekara, wani biyu."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, shekara biyu kamar gobe ne. Dakta Yael kuwa ba shi ta kalla ba. Ni ta kalla, ni kuma na riga na haɗa biyu da talatin da takwas.