Ranar da Bas ɗin Okunosawa ta Cika

Ni ne direban bas ɗin da ke hawa dutse zuwa ƙauyen Okunosawa har ranar da aka soke layin. A shekarun ƙarshe fasinjana na kullum ɗaya ce, Iya Tsuyako. Duk Laraba da Asabar tana tsaye gindin bishiyar da ke bakin gada, da ƙunshin dunƙulen shinkafa a hannu, za ta gari wajen mijinta Genzo. Tun da idanunsa suka mutu yake zaune a gidan kula da tsofaffi.

Ba ta zama sai ta leƙa cikin motar ta yanke hukunci.

"Isamu, yau ma gara-gara, wayam ba kowa! Kai da iska kuke ta yawo?"

"Ai ke nake wa tanadi, Iya. Zaɓi kujerar da ta yi miki."

In ta tarar da mutum biyu ko uku sai ta ce, "A'a, yau suka-suka ce. Kamar gashin kanka, ɗaya nan ɗaya can." Sai ta ba ni labarin zamanin da ake saran katako a dutsen, lokacin da bas ke cika gyu-gyu, mutum ko hannunsa ba ya iya ɗagawa ya sosa hanci. A irin wannan matsi ne Genzo ya taka mata ƙafa tana budurwa, ya yi ta ba da haƙuri har suka isa gari.

Da kamfani ya sanar cewa ƙarshen watan Maris za a daina hawa, na rasa bakin gaya mata. Ashe ta riga ni ji. Ta dai ce, "Kada ka faɗa wa tsohon."

Ranar ƙarshe ta faɗo Asabar. Tun a tasha na ga abin da ban taɓa gani ba: baƙi daga birane, kowa da kyamara a wuya, sun zo shiga bas ɗin da za ta mutu. Suka cika kujeru, suka cika tsakiya, har kan matakala. Muka hau, muka juyo, babu wanda ya sauka. Da na iso gada na hango ta da ƙunshinta, na buɗe ƙofa, amma babu inda za ta sa ƙafa.

Na miƙe na ce, "Jama'a, don Allah a matsa. Baiwar Allah nan wajen mijinta za ta."

Wani mai hular saƙa ya ce, "Malam direba, daga Osaka fa na taso. Ta jira ta gaba mana."

"Babu ta gaba, yallaɓai. Ba shi ya kawo ka ba?"

Na kashe mota na zauna. Aka yi ta gunaguni, aka yi ta matsawa, har wata yarinya ta tashi daga kujerar gaba, aka jawo Iya aka zaunar. Na ɗauka ranta ya ɓaci. Sai na ji tana dariya a bayana, jakar wani na dungurar kanta.

"Gyu-gyu! Isamu, ka gani? Gyu-gyu! Ashe zan sake ganin wannan."

Da yamma na biyo ta ƙofar gidan tsofaffin na ɗauke ta. Baƙin sun ragu, ta zauna kusa da ni, ƙunshin babu komai a cinyarta. Sai da muka wuce madatsar ruwa ta yi magana.

"Na ce masa motar ta cika gyu-gyu. Bakina ne ya kufce. Ya kama hannuna ya ce, 'To mutane sun dawo ke nan? An buɗe makaranta?' Na ce e."

Na ci gaba da tuƙi, ita kuma ta ƙara da cewa:

"Ya ci shinkafar tas. Rabon da ya ci haka na manta."

Bayan an soke layin dutsen aka mai da ni layin cikin gari. Ranakun hutuna sai in hau da ƙaramar motata in kai ta. Zuwan farko na raka ta har ɗaki. Genzo na zaune bakin taga, ya karkata kunne waje.

"Ban ji ƙarar bas ba," ya ce.

Iya ta ce, "Sabuwa aka kawo, mai lantarki. Ba ta ƙara. Ga direban ma ya zo gaishe ka."

Ya laluba ya riƙe hannun rigata. "Ɗan nan, an ce kana shan jama'a. Ranar da za a sallame ni ka ajiye min kujera, ƙafafuna ba za su iya tsayuwa ba."

Na ce, "Zan ajiye, Baba."

Ba mu yi irin wannan zuwa da yawa ba. Lokacin dashen shinkafa Iya ta zame a bakin kwata ta karya ƙugu. Ɗanta ya zo daga Saitama, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a dutsen da ko mota ba ta zuwa ba. Daga asibiti ya wuce da ita, ba ta ko koma ta rufe gidanta ba. Sun yi magana da Genzo ta waya sau da dama, amma kunnensa ba ya kama muryar waya, sai ya yi ta tambayar wace ce.

Na ci gaba da leƙa shi in na sami hutu. Ma'aikaciyar gidan ta ce ba ya sanin kwanan wata, amma duk Laraba da Asabar sai ya sa a tura shi bakin taga tun safe. Ni kuma duk zuwana tambayarsa ɗaya: "Cika ce ta hana ta samun wuri?" Sai in ce gobe za ta samu.

Ya rasu cikin zafin Agusta. Likita ya hana Iya doguwar tafiya, ɗan ne ya zo shi kaɗai. Mu biyu muka tsince ƙasusuwan bayan an ƙona gawar bisa al'adarmu, muka sa a tulu. Ya ce uwar ta roƙa a kai su maƙabartar Okunosawa, kusa da iyayensa. Bai san hanya sosai ba, don haka ni na tuƙa. Ciyawa ta fara cinye gefen titi, kuma har muka isa ba mu haɗu da kowa ba.