Gumbar Arba'in ɗin Illiya

Saura kaɗan Asma'u ta bar labarin nan a cikinta, don karatunta bai wuce allo ba. Amma ta ga idan ba a rubuta ba, za a manta da irin dariyar yayanta Illiya.

Illiya yana ɗan shekara goma mahara suka ɗauke shi daga ayari, suka sayar da shi can arewa. Waɗansu limaman Nasara masu fararen riguna suka fanshe shi, suka rene shi, ya koyi dukanci, ya kuma karɓi addininsu. Shekarar da Faransawa suka kafa bariki a Agadas ya dawo tare da su yana gyara musu sirdin raƙuma, da ɗan gicciyen itace a wuya. Iyayensu sun riga sun rasu. Asma'u ya tarar, ya zauna da ita shekara uku, kafin zazzaɓi ya ɗauke shi. Sojoji ne suka binne shi a bayan bariki.

Da kwana arba'in ya matso, Asma'u ta jiƙa gero don gumbar sadaka, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Ta je wurin kawunsu Malam Ousmane, ta durƙusa, ta faɗa masa murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai ba zai iya tara malamai a yi wa wanda ya mutu kan wani addini addu'a ba, kuma kada ta ji haushi in mutane sun ƙi karɓa.

Duk da haka ta daka, da dabino da cuku, ta dunƙula ta jera a faifai biyar. Ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ta zauna. Hantsi ya yi, babu wanda ya leƙo. Ta fara tunanin awaki ne za su ci sadakar yayanta.

Sai ga Inna Haoua mai tallan gishiri ta yi sallama, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta ɗauki dunƙule guda.

"Ke 'yar nan, daina kallon ƙasa, ba a can aka zuba gumbar ba," ta ce. "Kin san sau nawa na tsinke takalmina da gangan?"

Asma'u ta girgiza kai. Inna Haoua ta ba da labari tana tauna. Illiya ba ya aiki ran Lahadi, ko kumandan ne ya aiko sai ya jira Litinin. Amma ya ce ɗinke wa maƙwabci takalmi ba aiki ba ne, zumunci ne, don haka ba ya karɓar komai. Tun da unguwa ta gane haka, takalman kowa sai ran Asabar suke tsinkewa.

Dariyarta ce ta jawo matan maƙwabta. Daga baya maza suka taru a zaure, aka miƙa musu faifai biyu. Wani maƙeri ya ce ya taɓa tambayarsa ko ba ya ƙyamar takalman talakawa masu wari, Illiya ya amsa cewa Ubangijinsa Isa Almasihu da hannunsa ya wanke ƙafafun almajiransa, shi kuwa takalmi kawai aka bar masa, ai ya samu sauƙi. Wata ta tuna yadda yake waƙar addu'arsa da murya kamar ta jaki mai mura, kuma ya san haka, bai fasa ba. Wani ya ce da azumi bai taɓa ganinsa ya sha ruwa a gaban mutane ba, amma da an kira magariba shi ke fara kai hannu akushi.

Asma'u ta yi dariya har ta rufe fuska da gyale, hawaye na bin dariyar.

Bayan azahar Malam Ousmane ya shigo, wai wucewa yake yi. Ya dubi faifan, saura dunƙule ɗaya.

"Abin da na ce game da addu'a yana nan, Asma'u," ya ce. "Hisabinsa yana wurin Allah. Amma ɗan ƙanwata ne, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Miƙo."

Ta miƙa da hannu biyu. Ya ci a tsaye, ya ce dabino ya yi yawa, ya lashe yatsunsa.

Kafin la'asar gidaje huɗu suka aiko suna ƙorafin ba a kai musu ba. Washegari da sassafe Asma'u ta ari gero wurin Inna Haoua, ta sake dakawa, ta ɗora faifai a ka, ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da kanta, tana sallama da muryar da ake ji har cikin ɗaki.