Kati Na Arba'in

"Tsaya, Direba, ɗan tsaya," in ji shi. Ya ajiye makirufo a cinya, ya kama kafaɗarsa ta hagu yana matsawa.

Na taka burki a gaban shagon mai faci. Lasifikar da ke kan mota ta yi tsit, masu bin mu da kallo suka koma harkokinsu.

"Yanzun nan fa ka gama faɗa wa duniya cewa ciwon hannun hagu ba gajiya ba ce," na ce.

"Nawa gajiya ne. Ja mu tafi."

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara sha tara. Kamasho muke ce masa, don a tasha ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiran fasinja, kuma in ya yi atishawa a gidansa ƙofar ɗakina sai ta motsa. Da masu bincike kan ciwon zuciya suka samu tallafi, suka kafa rumfar gwaji a filin makaranta, suka ɗauke ni tuƙi, ni na kai musu shi ya riƙa yi musu shela. Aka ba shi farar riga mai hoton jan zuciya a ƙirji, aka naɗi muryarsa a waya don ajiya. Kullum da kansa yake goge rigar nan, ba ya barin matarsa ta taɓa.

Mutum arba'in ake gwadawa a rana, kowa da katinsa, kuma katunan a hannunsa suke. Sati uku yana raba su, bai taɓa cire wa kansa ɗaya ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ina ganin yadda yake tsayawa a tsakiyar magana ya haɗiye iska, ina ganin gumi a wuyansa ko da safe. Ta kan katanga ina jin matarsa tana cewa, "Malam, wannan hakin naka fa?" shi kuma ya yi kunnen uwar shegu. Na yi lallashi, na yi faɗa, har gaba na yi da shi ta wuni guda, a mota ɗaya.

Ranar Laraba a bakin rumfa na kashe mota, na zare makulli.

"Yaya, ko ka ɗauki kati gobe, ko in je in gaya wa Likitar rumfar nan da bakina."

"Kai ma ka san tasha," ya ce. "Ka taɓa ganin ɗan kamasho ya haye kujerar fasinja mota ba ta cika ba? Wa zai ƙara yarda da kiransa?"

"Wannan ba tasha ba ce."

"Duk inda ake layi tasha ce." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "To, na ji. Zan ɗauka. Amma na ƙarshe, na arba'in."

Na yarda. Wannan yardar ce take ci na har yau, domin tsakanina da teburin Likita taku ashirin ne kacal.

Washegari ya nuna mini katin, ya soka shi a aljihun riga kamar wanda ya ci gasa. Muka zaga unguwa biyu, muka dawo rumfa kafin azahar. Ya jera mutane, ya tsawata wa wani mahauci da ya so tsallake layi, ya riƙe wa wata tsohuwa jaka. Ni ina ta kai da komo, in leƙa rumfa, in dawo in dube shi. Da aka kai na talatin ya ce zai ɗan zauna a mota, rana ta yi yawa.

"Na arba'in!" in ji ma'aikaciyar jinya. Ta sake kira. "Baba Kamasho, kai muke jira!"

Na je na buɗe ƙofa. Kansa na jingine da gilashi, makirufo na ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Likita ta zo da gudu, suka shimfiɗe shi a kan tabarma, ta yi ta danna ƙirjin nan mai hoton zuciya. Muka sa shi a mota, na yi gudun da ban taɓa yi ba. Ba mu kai asibiti da shi da rai ba.

Bayan kwana goma aikin ya ci gaba. Ba su ɗauki wani ba, muryarsa da suka naɗa suka haɗa da lasifika. Ni kaɗai a gaba, shi kuma a sama yana cewa, "In ka ji nauyi a ƙirji, kada ka ce gajiya ce! Ka zo yau, kada ka bari sai gobe!"

Da na shigo layinmu na rage gudu, na kai hannu zan rage sauti. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da bokitin wanki, ta girgiza mini kai. Na janye hannuna. Na wuce a hankali, ina kallonta ta madubi, tana tsaye har na sha kwana, ruwa na ɗiga daga farar rigar da ke hannunta.