Bututun Injiniya a Saman Tanki

Maigidana, wanda duk unguwa ke ce wa Injiniya, ya yi ritaya daga aikin waya ya dawo mini gida da ciwon rediyo. Ba rediyon jin labarai ba, irin wanda mutum yake haɗawa da hannunsa don ya yi magana da wani mai irin ciwonsa. Su tara ne a ƙungiyarsu duk faɗin Kano, kowa da lasisinsa da furfurarsa. Sau ɗaya a shekara suna gasa, daga safiyar Asabar zuwa ƙarfe shida na yammacin Lahadi, a ga wanda muryarsa ta fi nisa. Har babban kaskon suyata ya taɓa ɗaukewa ya kafa a kan sanda, wai lanƙwasarsa ta yi daidai da tattara sigina. Ban yafe ba har yau.

Abin da ya fi cin ransa shi ne aika murya a kan haske. Shi da amininsa Malam Falalu na Kawaji kowa ya haɗa bututun roba mai gilashi a baki da 'yar jar fitila a ciki. In ka yi magana hasken ya yi rawa, bututun wancan ya kama rawar ya mayar da ita murya. Sharaɗin ɗaya ne: dole bututun biyu su kalli juna ido da ido. Shekara uku suna fama, ko tari bai tsallaka ba.

Ni kuwa na san dalili. Daga saman tankin ruwanmu na Nassarawa ana hango bayan gidan maƙwabcinmu Alhaji Shu'aibu tas, da igiyar shanya, da matarsa da 'ya'yansa mata. Injiniya mutum ne mai kunya. Sai ya aika a sanar za a hau, sannan ya hau ya karkatar da kai gefe kamar mai ciwon wuya, ya ɗan murɗa bututun, minti biyar ya sauko yana istigfari. Yaya za a yi mutum ya saita abu yana kallon wani wajen?

Shekara ta biyu da ƙaddamar da Shari'a, ana gobe gasa, Alhaji Shu'aibu ya zo da liman. Cikin mutunci suka yi magana.

"Injiniya, mun shaida ba ka kallo," in ji liman. "Amma namiji a sama da abu kamar madubin hangen nesa, bakin mutane ba zai bari ba."

Nan take ya yi musu alkawarin ba zai sake hawa ba. Ga shi kuma ƙarshen watan Malam Falalu zai tattara ya koma Gumel gaba ɗaya. In ba a yi a wannan gasar ba, to an gama.

Ranar Lahadi bayan La'asar na tarar da shi a gindin tanki, bututu a cinya, abincinsa ya huce a gefe. Tausayi ya kama ni, haushi ya biyo baya.

"Wai me liman ya ce ne?"

"Kin ji ai. Namiji kada ya hau."

"To ni namiji ce?"

Ya kalle ni, ya kalli tsanin ƙarfe. "Raliya, shekararki hamsin da biyu."

"Ba ni wandonka."

Haka na zura wandon a ƙarƙashin zani, na ɗaure mayafi a ƙugu, na rataya bututun, na hau ina salati. Dama ya kafa mini abin sauraro a kunne da 'yar makirfo, tasa kuma ya ja ta da doguwar waya har ƙasa. Ina isa sama Hajiya Maimuna, matar Alhaji Shu'aibu, ta saki wankin da ke hannunta.

"Hajiya Raliya! Lafiya? Me kike nema a sama?"

"Kawaji nake nema."

Daga ƙasa Injiniya ya kira Malam Falalu ta rediyon hannu, ya ɗaga murya ya ce mini ana haska madubi daga can, in duba wajen Dakata, kusa da Kawaji. Na duba da idanuna biyu, tunda ba ni da wanda zan ji wa kunya. Ba komai sai rufin kwano da itatuwa. Can iska ta kaɗa, na ga wani ƙyalli ya yi wal ya ɓace. Ashe reshen mangwaron Alhaji Shu'aibu ne ya tare hanyar daidai wa daida. Shekara uku Injiniya yana aika wa mangwaro gaisuwa, don bai taɓa yarda ya kalli wannan kusurwar ba.

"Hajiya Maimuna, don Allah ja mini wancan reshen!"

Ta ɗauko ƙugiyar tsinkar mangwaro, ita da 'ya'yanta biyu suka rataya a jiki suna dariya har reshen ya rusuna. Ƙyallin ya fito sarai. Na juya bututun a hankali, kamar mai zura zare a allura, har ya zauna a tsakiyar gilashi. Kunnena ya yi shuu, sai na ji murya.

"Salamu alaikum. Wa ke sama?"

Muryar mace ce.

"Sauda? Ke ce?"

"Raliya! Ke ma sun hau da ke?" in ji matar Malam Falalu. "Tun jiya mai unguwa ya sauko da nawa maigidan. Ga ni nan da madubin kwalliyata."

Muka kwashe da dariya har tanki ya girgiza. Muka gaisa, na tambayi jikoki, ta tambayi ƙafata, muka shiga zancen kayan da za ta bari in za su tafi. Injiniya yana ƙasa yana tsalle yana nuna agogo.

"Raliya, saura minti bakwai! Don girman Allah!"

Sai da na ga ya kusa kuka na yi shiru. Ya faɗi lambar kiransa, Malam Falalu ya faɗi tasa, kowa ya ba ɗan'uwansa maki na ƙarfin murya. Ina hango shi yana rubutawa a littafin gasa. Shida saura minti uku.

Na zaci shi ke nan in sauka. Amma ba wanda ya kashe na'urarsa. Mutum biyu ne da suka yi shekara arba'in ba sa gajiya da surutu.

"Falalu, kana ji na?"

"Ina jin ka, Injiniya. Kamar kana gefena."

"To." Ya yi gyaran murya. "Gumel dai ba za ta ganu daga nan ba."

"Ba za ta ganu ba."

Hajiya Maimuna ta ɗago kai tana tambaya ko su saki reshen. Na girgiza mata kai. Kafaɗata ta sage, ƙafata na zogi, amma ban motsa bututun ba sai da aka kira Magariba.