Alawar Citta a Cikin Tukunya

Akwai girman kan da ba ya ɗaga murya, sai dai ba a isa a taɓa masa aljihu ba. Irinsa ne ya ci Farfesa Kuramochi.

Yana tsaye a ɗakin sarrafa na'ura na cibiyar bincike, hannunsa sai komawa aljihun ƙirji yake yi. A ranar za a sake kunna filasma, wutar nan da ake hurawa a cikin tukunyar ƙarfe mai siffar zobe, bayan wata da watanni ana gyara. An rufe tukunyar, an zuƙe iskar cikinta, an gasa bangonta. Gwajin farko nasa ne, kuma daga shi ba wani, don a watan Maris zai yi ritaya.

Dokar wurin kowa ya san ta: mai shiga tukunya sai ya juye aljihunsa a tire gaban Malama Tsurumaki, mai kula da ƙofa. Ranar rufewa ya zo dubawa, ta miƙo tiren, ya kalle ta ta saman tabarau. Ta rusuna ta janye, ya shiga tukunyar bai juye aljihu ba. Sai a jirgin ƙasa, a hanyar gida, ya lura ƙullin alawar cittar da kullum yake tsotsa ba ya aljihunsa. Ya ce wa ransa a ɗakin cin abinci ya faɗi, bai gaya wa kowa ba.

Aka kunna. Haske ya bayyana a allo, ya yi ƙyaf, ya mutu. Aka sake, haka.

Dokta Hosoya, abokin karatunsa tun suna samari, ya sunkuya kan allon. "Ƙazanta ce ke kashe wutar. Kuma ba ta ƙarfe ba ce, kamar abinci aka ƙona. Wa ya kai wa tukunya kayan shayi?"

Ba wanda ya yi dariya.

"A ƙara gasawa, zai fita," in ji Kuramochi.

"Zai dahu dai. Tsoho, kwanan nan ban ji kana tsotsar komai ba. Likita ne ya hana?"

Tsurumaki ta miƙe, ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tebur. "Ƙofa a hannuna take. Laifina ne, a gafarce ni."

Shugaban aiki ya gyara murya zai amsa mata. Hosoya dai bai ɗauke ido daga kan abokinsa ba.

"Zauna, Tsurumaki," in ji Kuramochi. "Alawa ce, da ledarta. Tawa ce."

"Ta citta?" Hosoya ya tambaya.

"Ta citta."

"Kuma ko ɗaya ba ka taɓa sam mini ba."

Dole aka saki iska cikin tukunyar, aka buɗe, aka kankare baƙin da ya manne a bango. Kafin a sake rufewa Maris ya wuce. Gwajin da ya yi shekaru yana tsarawa, Hosoya aka ba. Ɗalibansa suka koma wajen Hosoya. Ranar da filasmar ta kama a ƙarshe, a jarida ya gani, yana gida.