Rijiyar Gida Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Radiyya Ɗanliti tana shekarar ƙarshe a wata ƙaramar kwalejin koyon aikin lafiya da ke tsakanin Kudan da Makarfi lokacin da aka raba wa 'yan ajinsu batutuwan furojet, wato binciken da kowane ɗalibi zai rubuta a ɗinke shi kamar littafi kafin a sallame shi. Ita a sashen tsaftar muhalli take. Da malamin da zai duba aikinta ya ji 'yar Furana ce, sai ya ce ta rubuta a kan halin da rijiyoyin garinsu suke ciki. Ta amsa da to, amma ba ta san ta inda za ta kama ba.

Ƙawarta Khairiyya, 'yar Nasarawan Doya da suke ɗaki ɗaya, ita ta ba ta shawara.

"Ke kin cika ɗora wa kanki damuwa," in ji Khairiyya. "Je ki laburare, ɗakin baya. Babu batun da wani bai taɓa yi ba. Ki kwafe, ki canza shekara, ki sa sunanki."

Washegari da hantsi Radiyya ta tafi. Mai kula da laburaren wani dattijo ne mutumin Kudan, Malam Iliyasu, dogo, marar yawan magana. Dokarsa ɗaya ce a kan ɗakin baya: ana ajiye waya a teburinsa, kuma furojet ba ya fita waje. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi aiki da iyali da gajiya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da kundi uku masu koren bango, dukkansu a kan rijiyoyin Furana.

Ta zauna kusa da taga ta buɗe na farko, wanda aka rubuta shekara tara da suka wuce. Ya ce rijiya arba'in ne a garin, goma sha takwas suna da murfi. Ta fara kwafa a littafinta. Da ta buɗe na biyu, mai shekara biyar, sai ta ga arba'in ɗin nan dai, da goma sha takwas. Na uku ma haka. Har wani wuri da na farko ya yi kuskure ya rubuta "Furuna", sauran biyun ma Furuna suka rubuta. Dukkansu sun ce famfon tuƙa-tuƙa na bakin makarantar firamare yana ba rabin gari ruwa, alhali ita ta san tun tana aji biyu a sakandare famfon ya mutu, awaki ake ɗaurewa a jikinsa.

Da farko dariya ta kama ta. Can kuma ta ajiye biro. In ta kwafa, ita ce ta huɗu, kuma ita kaɗai ce a cikinsu da ta sha ruwan garin.

Ta mayar da kundayen teburin Malam Iliyasu ta ce, "Malam, waɗannan duk abu ɗaya ne."

"Na sani," ya ce. "Ni na jera su."

"Kuma abin da ke ciki ba haka yake ba yanzu."

Ya ɗago ya dube ta sosai. "To yaya yake yanzu?"

Nan ta ga ita ma ba ta sani ba. Ta san rijiyar gidansu da ta masallaci da ta gidan kakarta, shi ke nan.

Malam Iliyasu ya ce ta biyo shi. Ya kai ta wata kanta a lungu, ya zaro wani siririn littafi na duba tsaftar ruwan sha a karkara. Katin da ke bayansa ya nuna rabon da a are shi shekara shida. Ya buɗe mata shafin da aka jera tambayoyi goma da mai duba rijiya zai amsa: ko tana da murfi, ko bakinta ya ɗago daga ƙasa, ina ake ajiye guga, nawa ne tsakaninta da masai. Daga nan ya zaunar da ita gaban ɗaya daga cikin kwamfutoci huɗu da sola ke riƙewa, ya nuna mata yadda ake neman binciken da wasu suka yi a wasu garuruwa. Ya koya mata ta riƙa rubuta sunan marubuci da shekara da shafi nan take, kada ta bari sai daga baya. Sati biyu tana zuwa kullum bayan darasi. Ranar da za ta tafi gida hutun tsakiyar zango, ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mata tef ɗin awo.

"Na laburare ne," ya ce. "Sa hannu a nan, kamar littafi."

A Furana, mahaifinta Malam Ɗanliti, manomin tumatir, bai ji daɗin zancen ba.

"Yanzu gidajen mutane za ki bi kina auna musu masai? Wannan shi ne karatun?"

"Shi ne, Baba."

Ya ce to, ba za ta tafi ita kaɗai ba. Ya aika aka kira yayarsa, Gwaggo Zulai, wadda babu gidan da ba ta shiga a garin. Gwaggo ce ke yin sallama, ta zauna a gaisa, a tambayi yara da amfanin gona da mai jiki, sai zance ya yi nisa sannan ta ce, "'Yar Ɗanliti ce makaranta ta aiko ta ga rijiya." Radiyya ta riƙe kan tef, Gwaggo ta ja ɗaya kan tana mita cewa gwiwarta ba ta wannan aikin ba ce.

Kwana shida suka yi. Rijiya ashirin da bakwai suka ƙirga, aka bar su suka duba ashirin da biyu. Gida biyar suka hana, wani maigida ma ya ce ai ya san daga awo sai haraji. Matan kuwa sun faɗa mata abubuwan da babu su a takardar tambayoyinta: wace rijiya ke ƙafewa kafin bazara, wace ce ruwanta ke yin ja in an yi ruwan farko, a wane wata yara suka fi yin gudawa. Ta rubuta duka a bayan takardun.

Gidansu ta bari a ƙarshe, don tana ganin ta san shi. Littafin ya ce a bar aƙalla mita talatin tsakanin rijiya da masai. Da suka ja tef a tsakar gidansu, mita tara ya nuna. Ta sake aunawa, tara ɗin dai. A duk gidajen da suka shiga babu wanda ya kai nasu kusanci, ga shi masan ne a tudu, rijiyar a gangare.

Gwaggo Zulai ta dubi tef ta dubi Radiyya ta ce, "Ni ban ga komai ba. Ke za ki faɗa masa."

Da la'asar, bayan ya dawo daga lambu ya ci abinci, ta durƙusa gefen tabarmarsa ta faɗa masa. Ya ce rijiyar nan mahaifinsa ya haƙa ta, da ruwanta aka yi mata wankan jego ita da uwarta, ga ta nan kuma ta girma har tana auna shi. Ta ce haka ne. Ta tuna masa daminar bara da ƙannenta biyu suka kwanta da gudawa a asibitin Ikara sati guda.

"Abin da nake so," ya ce daga baya, "kada sunana ya shiga littafin makaranta a kan maganar masai."

Ta koma kwaleji da abin a ranta. In ta cire gidansu, ta yi ƙarya, in ta sa kuma ta saɓa wa mahaifinta. Ta mayar wa Malam Iliyasu tef ɗinsa, ya soke sunanta a rajista, ta tsaya ba ta tafi ba har ya tambaye ta lafiya. Ta faɗa masa komai.

"Wa ya ce miki ana sa suna?" ya ce. Ya jawo ɗaya daga cikin binciken da ta buga daga kwamfuta, ya nuna mata da yatsa. "Duba. Gida na ɗaya, gida na biyu. Ba don mahaifinki kaɗai ba, duk wanda ya bar ki kika shiga gidansa yana da wannan haƙƙin a kanki."

Ta rubuta lambobi a 'yan takardu ta cakuɗa su, ta raba wa gidajen. Nasu ya faɗo a goma sha huɗu.

Furojet ɗinta bai yi kauri ba, shafi talatin da takwas ne, har malaminta ya ce ya so ta faɗaɗa babi na biyu. Ranar kare aikin a gaban malamai, ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta me ya sa ta ce ashirin da bakwai alhali na baya sun ce arba'in. Ta ce ita abin da ta ƙirga ke nan da ƙafarta, ba ta san yadda suka yi nasu ba. Ya tambaye ta wane gida ya fi hatsari, ta ce na goma sha huɗu, ta faɗi dalili ba tare da ta duba takarda ba. Maki mai kyau ta samu, ko da yake ba shi ne mafi yawa a ajin ba.

Da ta dawo gida da kayanta bayan jarrabawa, ta tarar an ɗaga bakin rijiyarsu da bulo layi uku, an yi mata murfin ƙarfe, guga kuma yana rataye a ƙusa. Masan yana nan inda yake. Da suka gama gaisawa da mahaifinta, shi ya fara ɗauko zancen. Ya ce ya yi magana da Ja'afaru magini, in damina ta wuce ƙasa ta bushe za a haƙa sabo a bayan rumbu.

"Ya ce can ɗin zai kai talatin ɗinki," in ji Malam Ɗanliti. "Amma ni ban yarda da takunsa ba, gajere ne. Kafin ya sa diga, ki samo abin awon nan ki duba."