Barkonon Abah Oyon

Bi Icih ta tsaya a bakin shinge da ƙunshin gidan waya a hannu, tana yage takardar da ƙarfi don ƙarar ta tsallaka gidan maƙwabci. Fakitin iri bakwai suka zubo mata a zani, kowanne da hotonsa mai sheƙi: tumatir ja wur, kabeji ƙato, barkono miƙaƙƙe ba ko lanƙwasa. Ta ɗaga ɗaya sama, ta jira. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk ranar da babur ɗin gidan waya ya tsaya a ƙofarta, kafin ya juya maƙwabcin nata Abah Oyon ya leƙo ta saman shinge ya ce, "An kawo miki hotuna?" Yau ba wanda ya leƙo.

Yana can baranda a kujerarsa ta gora, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. 'Yarsa Wiwin, wadda ta baro aikinta a birni don jinyarsa, tana ba shi kunun shinkafa a cokali.

"Abah, ya jiki?" in ji Bi Icih, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya kawar da cokalin da bayan hannu. "Ke ma, Icih? Liman ya zo ya yi min raɗa, likita ya yi min raɗa, yanzu ke. Ku bari in mutu tukun, sai ku rage murya."

Ta mayar da fakitin cikin zani ta koma gida.

Rigimarsu ta girmi Wiwin. Bi Icih ba ta shuka komai sai abin da ya zo ta gidan waya, kuma ta san kamfanonin kamar yadda ake sanin dangin miji. Na gabas fakitinsa ya fi kyau, goma ka shuka tara su fito, amma tumatir ɗinsa ba ya da ɗanɗano. Na birnin nan kusa iri ne na gaske, sai dai ba ya isowa sai ruwa ya yi nisa. Akwai wanda ta taɓa neman kankana a wurinsa ya aiko mata kokwamba, ta rubuta masa wasiƙa shafi biyu. Duk da haka ba ta yarda wani ya zage su a gabanta. Da kabejin fakiti ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, kuma ba mai ajiye iri a toka ko ɗaya da ya kawo mata shinkafa a lokacin.

Shi kuwa Abah Oyon magana ɗaya gare shi, yana maimaita ta ba gajiya: irin da ba ya haifar mai kama da shi ba iri ba ne, haya ce. Ka shuka ɗan barkonon kamfani a baɗi, sai ya fito wani abu dabam, dole ka sake aika musu takarda kamar mai neman gafara. Nasa barkonon ƙarami ne, karkatacce, mummuna, mahaifiyarsa ce ta ƙulle shi a gefen ɗankwali daga bayan dutse ranar da aka kawo ta ƙauyen nan. Yana ajiye irin a guntun gora da tokar murhu, a rataye saman wuta. Can ƙarshen gonarsa yake dasa shi, bayan kurmin gora, nesa da na Icih, don a cewarsa ƙudan zuma 'yan gulma ne, sai su kai labarin wannan fure wajen wancan.

Kowa a ƙauyen ya san barkono halin mai shuka shi yake ɗauka. Wanda ya shuka yana dariya zai girbe abin da yara za su tauna kamar tumatir. Sai da fushi ake saka shi a ƙasa, da fushi ake dasa shi. Matsalar Abah Oyon ita ce Allah bai ba shi fushi ba. Akuya ta cinye masa kunya guda ta wake, abin da ya yi shi ne raka ta har gidan mai ita.

Bara ruwa ya yi yawa, barkononsa ya ruɓe a tsaye, ko ƙwaya ɗaya bai ɗauka ba. Abin da ya rage a gorar na bara waccan ne. Irin barkono ba ya jiran mutum. In wannan damina ta wuce bai shiga ƙasa ba, toka ce kawai za ta saura.

A bakin famfo Wiwin ta tare Bi Icih. "Bi, don Allah a lallaɓa shi. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ko tsawa ba ta so. Gorar ma na ɓoye, kullum sai ya ce a kai shi lambu."

Washegari da hantsi Bi Icih ta shiga gaisuwa da ayaba dafaffiya. Tsohon ya jira har Wiwin ta shiga madafa.

"Na gwada, Icih, fushin ba ya zuwa," ya ce. "Na tuna akuyar nan, na tuna mai awon gona da ya ci min iyaka. Abin da nake ji haushin mara lafiya ne, ba shi da zafi. In na shuka da shi, 'ya'yan kabewa zan samu."

"To ni me zan yi maka?"

"Abin da kika saba." Ya yi tari, ya goge baki. "Ke tsammaninki don Allah nake leƙo miki ta shinge duk shekara? Fakitinki na zuwa, nawa lokacin ya yi. Kafin ki gama kare kamfanin nan naki jinina ya tafasa, sai in ruga lambu tun bai huce ba."

Bi Icih ta ajiye kwanon ayabar a hankali. Shekara talatin da ɗaya tana kwana da maganganun mutumin nan, tana shirya amsa tana wanke-wanke.

"Ashe ni itacen hura wuta ce," ta ce.

"Busasshe kuwa. Ba ki taɓa ƙin kamawa ba."

Ta fita ba sallama. A gida ta yanko ganyen ayaba, ta naɗe shi ƙananan kofuna guda arba'in, ta cika su da ƙasa da takin akuya, ta jera a faifan gora. Ta san abin da likita ya faɗa. Ta kuma san wanda ya nemi abin, kuma da bakinsa ya nema. Ta ɗauki faifan a ka, littafin tallar kamfani a hammata, ta koma.

Ta dire faifan a gabansa, ta zauna a matakala, ta buɗe littafin ta ɗaga murya yadda har masu wucewa za su ji.

"Shafi na tara. Barkono sarkin zafi. Tsawonsa yatsa, kalarsa ɗaya, ba ya ruɓewa a ruwa. Ka ji, Abah? Ba ya ruɓewa. Na kawo maka fakiti guda, kyauta, ka huta da wannan kashin ɓeran da kake ajiyewa a toka."

"Bi!" in ji Wiwin daga ƙofa.

"Kashin me?" in ji tsohon.

"Na ɓera. Shekara nawa ina cin sambal ɗinka, dakakken barkonon nan, don kunya? Ba zafi gare shi ba, ɗaci ne. Mahaifiyarka da ta samu gidan waya a zamaninta, da ba ta wahalar da ɗankwalinta ba."

Nan ta taɓa inda ba a taɓawa, kuma ta sani. Jini ya hau fuskar Abah Oyon, ya dafa hannun kujera ya miƙe zaune, bargon ya zame.

"Ke da kika shuka kankana kika girbe kokwamba? Ke da kabejinki ba ya wari, ko tsutsa ba ta son sa? Neng, 'yata, ɗauko min gorata."

"Abah, likita ya ce..."

"Likita ma ɗan fakiti ne. Ɗauko min gorata, ko in sauka in nemo da kaina."

Wiwin ta kawo tana kuka. Ya zare toshin, ya zazzage tokar a tafin hannu, ya hura. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kuɓuce masa ba. Yana danna kowacce a kofi da babban yatsa yana zagi: ya zagi kamfanin gabas da mai ɗaukar musu hoto, ya zagi na birni da babur ɗin gidan waya, ya zagi Icih da tumatir ɗinta da ya kira ruwan famfo mai jan riga. Duk sanda muryarsa ta fara sauka, sai ta juya shafi ta karanto masa wani. Da ya danna ta arba'in ya jingina, gumi na bin wuyansa, yana haki.

"Wannan zai yi zafi," ya ce, ya lumshe ido.

Kwana uku bayan nan, ranar Alhamis da hantsi, ya rasu a kujerar, fuskarsa na kallon faifan.

A madafar gidan makoki mata na wanke shinkafa, magana na yawo a tsakaninsu, sai Ceu Kokom mai shago ta fito da ita fili. "Wasu dai bakinsu ya fi ciwon zuciya saurin aiki."

Bi Icih ba ta ɗago daga albasar da take yankawa ba. "Ku kun so ya mutu a lulluɓe kamar ƙullin tapai, shinkafar da ake naɗewa a ganye ta yi tsami. Ya mutu yana da aiki a ƙasa."

Bakinta ne kawai ya faɗi haka. A ranta tana jin wataƙila ta rage masa kwanaki, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Ta yi kewar mutumin nan fiye da yadda ta yi zato, kewar da ko mijinta ba ta yi wa irinta ba, don mijin bai taɓa musa mata magana ba.

Ranar addu'ar bakwai ta tarar da faifan an tura shi bayan ɗaki, ƙasar ta fara tsagewa. Ta ɗauka a ka ta ratsa tsakiyar baƙi da shi.

"Bi, ba ki ji kunya ba?" in ji Wiwin. Maganar farko ke nan da ta yi mata tun rasuwar.

"Ban ji ba, Neng."

Cikin arba'in, goma sha ɗaya suka fito. Ta kai su inuwa, ta kare su daga kaji, har suka yi ganye shida-shida. Gonar Abah Oyon an riga an ba wani mai noman kabeji, don haka ba su da wurin zama sai lambunta, kuma lambunta tafin hannu ne. A tsakiyarsa barkonon kamfani ya cika kunya biyu, yana fure fari fat, ƙudan zuma na ta zirga-zirga. Washegarin sadakar arba'in ta tsaya ta dube shi. Bai taɓa yi mata kyau kamar bana ba. Ta naɗe hannun riga ta tumɓuke shi gindi-gindi, ta zuba wa awaki.

Sai ta tsuguna da tsiron farko a hannu, ta nemi fushi ta rasa. Ta tuna "itacen hura wuta", maimakon ranta ya ɓaci sai hawaye ya zubo. Ta kalli barandar tsohon, kujerar tana nan an kife ta. Rana na hawa, tsiron ya fara langaɓewa a tafinta, ita kuwa ta ƙi saka shi a ƙasa da kuka.

"Kin kashe min uba a kan barkono."

Wiwin ce a bakin shinge, daidai inda tsohon yake tsayawa, da jakar tafiya a kafaɗa.

"Me kika ce?"

"Kin ji. Kuma a banza, don ba ki iya ba. Wadda ba ta san iri ba sai an rubuta mata a bayan takarda. Sati ɗaya za su yi a hannunki su mutu."

Bi Icih ta caka tsiron a rami ta danne ƙasa da dunƙulen hannu. "Ni? Ina noma tun uwarki na goyon ki." Ta jawo na biyu. "Ke da kika ɓoye wa tsoho gorarsa kamar mai ɓoye wa yaro ashana?"

"Abah ya ce ko rogo kika dasa sai kin duba littafi."

"Ƙarya yake, Allah ya jiƙansa, ƙarya yake." Na uku, na huɗu. "Shekara nawa kina birni, sau nawa kika zo kika ga abin da yake ci? Ni nake miƙa masa miya ta kan shingen nan."

"Miyar tumatir ɗin ruwa."

Haka suka yi ta yi, muryar Bi Icih har shagon Ceu Kokom, hannunta bai tsaya ba. Ta kai hannu faifai ta ji wayam. Ta ɗago tana huci, ƙasa har gwiwar hannu.

"Saura nawa?" in ji Wiwin. Muryarta ta sauka, fuskarta jiƙe take.

"Sun ƙare."

Wiwin ta gyaɗa kai. Ta buɗe jaka ta ciro guntun gorar, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, ta rataye shi a kan shinge ta ɓangaren Bi Icih. Ta gyara jakarta ta gangara hanyar mota.

Bi Icih ta ɗebo ruwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A bakin kunyar akwai tsinken da take soke fakiti a kai don ta san abin da ta shuka, da hoton miƙaƙƙen barkonon nan har yanzu. Ta zare fakitin, ta juya cikinsa waje, ta mayar. Farar takardar ta tsaya ba rubutu a kan tsirrai goma sha ɗaya, iska na ɗan kaɗa gorar a jikin shinge.